Manomin da Yake Kwance Ɗaurin Gwiwarsa

Akwai wani mutum manomi, wanda ranar wata Talata da hantsi, a farkon damina, ya fita huɗa da shanunsa. Yana bin bayan garma, sai ƙafarsa ta dama ta maƙale a saiwar wani tsohon kututture. Shanu ba su san abin da ake ciki ba, suka ci gaba da ja. Jikinsa ya juya, ƙafa ta tsaya, ya ji gwiwar ta ce ƙas. Ya faɗi a wurin bai iya tashi ba, sai da maƙwabtan gona suka zo suka ɗauke shi a amalanke.

A ƙauyen ana kiransa Baban Keziya, gama Keziya ce 'yarsu tilo, ta kuwa yi aure a wani gari. Matarsa Lidiya ta kai shi asibiti. Malamar asibiti ta latsa nan, ta latsa can, sa'an nan ta ce, "Baba, ƙashi bai karye ba. Jijiya ce ta yage, ita kuwa ta fi ƙashi daɗewa kafin ta warke."

Ta miƙe ƙafar, ta sa siraran katako a gefe da gefe, ta naɗe da bandeji. Ta ce, "Kada ka taka ta, kada ka lanƙwasa ta. In ka bar ta ta huta a miƙe, kai za ka yanke dawarka da kaka. In ka dame ta, za ta saki, ba za ka ƙara bin garma ba." Ta koya wa Lidiya yadda za ta kwance ɗaurin kowace yamma, ta wanke, ta shafa magani, ta sake naɗewa.

Mutumin ya yi biyayya. Ya jingine kekensa a jikin rumbu. 'Yan'uwa na ikkilisiya suka yi masa gayya, suka ƙarasa huɗar, suka shuka dawa. Shi kuwa yana wuni a gindin darbejiya, ƙafa a miƙe bisa tabarma, yana tufka igiyar rama don kada hannunsa ya zauna banza.

Amma akwai abu guda da yake yi wanda ba kowa ya sani ba. Tun yana yaro mahaifinsa ya koya masa cewa in mutum zai yi magana da Ubangiji, sai ya sa gwiwoyinsa biyu a ƙasa. Haka ya tashi, haka ya yi furfura. Bai taɓa roƙon Allah kome a zaune ba. Saboda haka kowace asuba, da Lidiya ta fita hura wuta, sai ya kwance bandejin a hankali, ya ajiye katakon a gefe, ya kama bakin gado ya sauka. Yakan cije leɓe har gwiwar ta taɓa ƙasa. Zufa tana keto masa, yana cewa, "Ya Ubangiji, ka warkar da wannan gwiwa, ka maishe ni gonata." In ya gama, sai ya ja jiki ya hau gado, ya sake ɗaurewa.

A zuciyarsa bai ɗauki wannan a kan rashin biyayya ba. Gani yake malamar asibiti ta hana shi lanƙwasa ƙafa don aiki ne. Abin da aka yi domin Allah kuwa, yaya zai cuci mutum? Har yana ganin zafin da yake sha zai ƙara wa addu'arsa nauyi.

Gwiwa ta ƙi warkewa. Da yamma kumburi yakan sauka, gari na wayewa ya dawo. Suka koma asibiti.

Malamar ta ce, "Baba, ka leƙa gona, ko?"

Ya ce, "Ko ƙofar gida ban wuce ba, 'yata."

"Keke fa?"

"Kaji ne suke kwana a kansa yanzu. Ki tambaye su."

Ta yi dariya, ta sake masa magani. Gaskiya ya faɗa mata, amma ba ta tambaye shi zancen addu'a ba, shi kuma bai ga dalilin faɗa ba.

Dawa ta tsiro, aka yi noman fari, aka yi maimai. Masu dawowa daga gona suna biyowa su ce, "Baban Keziya, dawarka ta fi ka tsawo." Yakan yi murmushi ya gode musu, amma in sun tafi sai ya dubi ƙafarsa, zuciyarsa ta karaya. Ya fara tunani ko akwai wani zunubi da ya manta bai tuba ba. Sai ya ƙara tsawon durƙuson.

Wata yamma Lidiya ta kawo ruwan ɗumi za ta wanke gwiwar. Ta kai hannu ga ƙullin, sai ta tsaya tana dubansa.

Ta ce, "Maigida, wa yake taɓa wannan ɗauri?"

Ya ce, "Wa zai taɓa?"

Ta ce, "Ni ɗaurin ɗankwali nake yi masa, da ka ja baki ɗaya ya warware. Wannan kuwa ɗaurin dami ne. Na daɗe ina karya farce a kansa ina cewa ni ce na fara mantuwa. A gidan nan mutum ɗaya ne yake ɗaure abu kamar zai ɗora wa jaki."

Ya sunkuyar da kai, ya faɗa mata duka. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsoma tsumma a ruwa, tana gasa gwiwar a hankali.

Ta ce, "Ashe da yamma ina ɗinki, da asuba kana farkewa."

Ya ce, "Uwar Keziya, warkarwa nake roƙo. Yaya zan roƙi Mai Sama ina kwance kamar wanda ya ci ya ƙoshi? Ko dagaci ba a yi masa haka."

Ta roƙe shi, ta tuna masa maganar malamar asibiti. Ya ce ya ji. Amma kashegari da yamma, ɗaurin dami ta sake tararwa.

Ana nan sai Keziya ta zo gida. Cikinta na fari ya tsufa, bisa ga al'ada kuwa a gaban iyayenta za ta haihu. Ta shigo tana tafiya da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ƙafafunta sun kumbura. Da ta hangi mahaifinta a gindin darbejiya, ta cire takalmi, ta dafa jikin itacen, ta fara sauka za ta durƙusa ta gaishe shi, yadda ta saba tun tana ƙarama.

Mutumin ya ɗaga hannu da sauri, har igiyar da yake tufkawa ta faɗi. Ya ce, "A'a, Keziya, kada ki soma. Uwar Keziya, kawo mata kujera."

Keziya ta ce, "Baba, in gaishe ka a zaune? Ina na taɓa yi?"

Ya ce, "Yau za ki fara. Da kika shigo ƙofar nan na riga na karɓi gaisuwarki. In kin sauka ƙasa da wannan kaya, wa zai ɗaga ki? Ni da ko kaina ba na iya ɗagawa?"

Suka yi dariya. Ta zauna a kujera kusa da shi, ya kama hannunta, ya tambaye ta hanya, ya tambayi mijinta, ya tambaya ko tana cin abinci. Murna ta cika shi, har ya manta da ƙafarsa.

Da yamma Lidiya ta kawo ruwan ɗumi. Tana fama da ƙullin ta ce, "Yarinyar nan ta rasa tarbiyya a gidan miji. Ta gaishe ka a kan kujera."

Ya ce, "Kada ki faɗi haka. Ni na hana ta."

"Ba ka ji ta raina ka ba?"

"Raini kuma? Da ta durƙusa, ni zan ji zafin a jikina."

Lidiya ta ci gaba da warware bandejin, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "To, kai uba ne na 'ya ɗaya, ka san wannan. Shi wanda kake kira Uba kowace asuba, ka fi shi tausayi ne?"

Ta wanke gwiwar, ta shafa magani, ta naɗe, ta yi ɗaurinta na ɗankwali.

Da asuba ta fita hura wuta. Hannunsa ya tafi ga ƙullin kamar kullum. Ya riƙe bakin bandejin, ya daɗe a haka, sa'an nan ya saki. Ya kwanta rigingine, ƙafa a miƙe, kunya ta kama shi, kalmomin da ya saba duk suka ɓace masa. Daga baya ya ce, "Uba, ga ni. Yau a kwance na zo." Hawaye suka gangara har cikin kunnuwansa. Da yamma Lidiya ta ja baki ɗaya, ɗauri ya warware.

To, ga ma'anar wannan misali. Manomin nan kowannenmu ne. Gwiwar ita ce duk wani rauni da ya ƙi saurin warkewa, ko a jiki ko a zuciya. Ɗaurin kuwa shi ne hutu da haƙuri da maganin da Allah yake ba mu ta hannun mutane.

Ku lura, ba mugun abu mutumin yake yi ba. Durƙuso a gaban Ubangiji abu ne mai kyau, kada wani ya koma gida ya ce an hana. Kuskurensa shi ne, ya zaci gwiwarsa ce take buɗe kunnen Allah, ya kuma zaci azabarsa tana faranta wa Allah rai. Don haka da bakinsa yana roƙon warkarwa, da hannunsa yana kwance ta.

Haka waɗansunmu suke yi. Akwai wadda aka ce ta ci abinci kafin ta sha magani, amma ta ɗauki azumi, tana tsoron kada Allah ya ga ta yi sanyi. Akwai wanda aka yi wa aiki a asibiti, ɗinki bai kame ba ya tako doguwar hanya zuwa sujada, don kada a ce ya ja da baya. Akwai wadda ta yi rashi, zuciyarta tana jini, amma ta tilasta wa kanta tsayawa gaba tana jan waƙa, ba ta ba kanta damar yin kuka ba. Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, Ubanmu na sama ya san abin da kake ɗauke da shi. Tun kana bakin ƙofa ya karɓi gaisuwarka. In lokacin kwanciya ne, ka kwanta, ka yi masa magana daga inda kake.

Ku kuma masu jinya, ku riƙa duban ƙulli kamar Lidiya, ku yi magana da taushi. Yara, in kun ga tsoho ya zauna a benci sa'ad da kowa ya durƙusa, kada ku taɓa juna kuna dariya. Ba ku san abin da ya sha kafin ya koyi zaman nan ba.

Mutumin bai ƙara taɓa ɗaurin ba. Kumburi ya sauka, ya fara takawa da sanda, daga baya ya ajiye sandar. Da kaka shi ya yanke dawarsa, da damina ta zagayo ya bi garma. Gwiwar dai ba ta ƙara lanƙwasuwa har ƙasa ba. Keziya ta haifi ɗa namiji, ran da aka kai shi majami'a kakansa ya riƙe shi, ya yi masa addu'a a zaune.