Tukunyar Kakan Dagaci

Bara aka naɗa Alhaji Barau dagaci, bayan ya yi arziki a fataucin albasa. Wata rana ya sa aka kira Ladingo, maginiyar da ke turara tukwane da hayaƙi har su yi kama da na zamanin da.

Ya ce, "Baƙi za su zo Juma'a. Ki gina mini tukunyar kakana, mai shekara ɗari cif, ba ta yaudara ba. In kin kasa, kin bar ɗibar yumɓu a garin nan."

Ran Juma'a ta kawo ta baƙa ƙirin, ta ajiye a gaban baƙi. Ya shinshina, ya ce, "Wannan ai kwananta uku."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗazu a ƙofa na ji maroƙa suna cewa sarautar gidan nan ta shekara ɗari biyu. Gaskiya ne?"

Ya dubi baƙi, ya ce, "Gaskiya ne mana."

"To da lissafinsu na ƙirga. In shekara ɗaya ɗari biyu ce, kwana uku kusan shekara biyu ke nan. Ka ajiye ta wata shida, har gyara za ka samu."

Dagaci ya ce a shigar da tukunyar kakansa cikin gida.