Kwalbar da Ta Yi Zufa

Akwai wani ma'aikacin ɗakin bincike a Yerwa mai suna Pindar. A daminar 1965 aka kawo musu wani farin gari daga Ingila, wanda masana ke kira feftayid, don gwada abin da ke saukar da nonon saniya. Kwalba uku ne kacal, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba.

Pindar ne ke kula da firjin kananzir da ake ajiye su a ciki. Ya san in aka fito da kwalba, dole a bar ta a rufe har sanyinta ya fita. In aka buɗe ta da sanyi, raɓa za ta shiga, garin ya lalace.

Sai aka turo musu sabon jami'i, Mista Wilson, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Landan ba. Shi ba ya jira. Ya ciro, ya buɗe, ya ɗiba. Sau uku Pindar yana yi masa magana cikin ladabi, har abin ya ishi Wilson.

"Ranka ya daɗe, dubi yadda take zufa. A jira rabin sa'a kawai."

"Pindar, ka je Landan ne? Kai dai gyara lagwaninka."

Cikin mako biyu garin kwalba biyu ya dunƙule kamar sukarin da ya sha ruwa. Wilson ya rubuta wa shugabarsu, Dakta Clementina, cewa Pindar ya bar firji ya mutu, a sallame shi. Pindar ya koma gida a unguwar Moduganari, takaici ya hana shi cin tuwo. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki.

Washegari Dakta ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ce wa Wilson ya auno mata kaɗan daga kwalba ta ƙarshe. Ya ciro ta, ya kai hannu ga murfi nan take, ruwa na bin yatsunsa.

Ta riƙe masa hannu. "Haka kake yi kullum?"

Ta karɓi kwalbar ta miƙa wa Pindar da ke tsaye a gefe, ta ce daga yau Mista Wilson ba zai taɓa firjin nan ba sai Pindar na tsaye a kansa.

Darasi: Takardar shaida ba ta hana mutum kuskure, kuma wanda ya daɗe a kan aiki ya san abin da gaggawa ke ɓatawa. Ku tura wa duk wanda ke raina gyaran na ƙasa da shi.