Bakan da Aka Danne a Rafi

A zamanin da can akwai wani mutum, makiyayi ne kuma maharbi, yana da shanu bakwai. Sai wani zaki ya addabi garkensa, ya ci uku cikin wata guda. Mutanen ƙasarsu kuwa da itace guda suke yin baka: a sari reshe, a fere shi, a ɗaura tsirkiya. Irin wannan baka ba ya kai kibiya nesa. Zakin ma ya gane haka, gama yakan kwanta a hayin rafi yana kallon kibiyoyin mutumin suna faɗawa cikin ruwa.

Sai mutumin ya ji labarin wani tsoho mai yin baka, can a ƙasar da babu manyan itatuwa. Kakannin mutanen wurin, da suka rasa dogon itace, sun koyi wata dabara. Sukan ɗauki ɗan siririn katako, su manna ƙaho a cikinsa, su shimfiɗa jijiyar dabba a bayansa, su haɗa duka da dankon da aka dafa daga fata. Bakan gajere ne, amma kibiyarsa tana zarce ta dogon baka nesa ba kusa ba.

Mutumin ya yi tafiyar kwana shida ya iske tsohon, ya faɗa masa abin da ke damunsa. Tsohon ya ji tausayinsa, ya ɗauko baka guda da aka lulluɓe da fata, ya ɗaura tsirkiya ya harba, kibiya ta ɓace wa ido. Sa'an nan ya kwance tsirkiyar, ya naɗe bakan a tsumma, ya ce, “Ɗana, shekara guda na yi ina jiran wannan ya bushe. Ka raba shi da ruwa. Yadda ka gan shi kuma, haka yake, kada ka gyara.”

Mutumin ya ce, “To, Baba, na gode.” A ransa kuwa cewa yake yi, ni da na tashi da baka a hannu za a koya wa riƙon baka?

Da ya isa gida ya kwance tsumman a gaban maƙwabta, sai ga bakan ya lanƙwashe ta baya kamar ƙahon rago, gama haka irinsa yake in babu tsirkiya. Maƙwabta suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, “Kwana goma sha biyu a hanya, ka dawo mana da gurgun baka?”

Kunya ta kama shi. A garinsu kuwa, in sandar baka ta karkace, rafi ake kai ta a danne da dutse kwana uku, in ta yi laushi a miƙar da ita. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Shi ma ya kai bakan rafi ya danne.

A rana ta uku da hantsi ya kora shanunsa huɗu zuwa mashaya, ya shiga ruwa ya ɗaga dutsen. Sai ya tsaya cak. Babu baka. Fatar ta saɓule, ƙaho ya rabu da katako, jijiya ta warware tana bin ruwa kamar tsohuwar igiya. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, bakinsa a buɗe. Ya ce, “Wayyo ni! Me na yi?”

Bai rufe baki ba sai zakin ya fito daga ciyawa, ya faɗa wa saniyarsa mai ciki, wadda ya fi ƙauna duk cikin garken. Yana tsaye cikin ruwa, ƙaho a hannun dama, katako a hagu, yana kallo aka ja ta aka tafi.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Tsohon shi ne Ubangiji, bakan kuma ikkilisiya ce. Akwai masu taurin ƙaho a cikinmu, in an matse su ba sa karyewa. Akwai masu haƙurin jijiya, a ja su a ja su, ba sa tsinkewa. Waɗansu kuma katako ne, ba a jin muryarsu, amma su ke riƙe da tsakiya. Ƙauna ce dankon da ya haɗa mu, ba kuwa a yini ɗaya Ubangiji ya yi wannan aiki ba.

Mu fa? Da mun ga ɗan'uwa bai yi kama da mu ba, sai mu ce ya karkace, sai an miƙar da shi irin na gidanmu. Mu jiƙa shi da tsegumi, mu danne shi da baƙar magana, muna cewa gyara muke yi. Zakin kuwa, wato Shaiɗan, yana kwance yana jiran ranar da dankon zai narke.

Kafin ka sa hannu ka gyara wanda Allah ya lanƙwasa, ka je ka tambayi Mai yinsa. Gama ranar da zaki ya fito, ba a harbi da ƙaho shi kaɗai.