Zabon da Ya Koya wa Maharbi Kira

An yi wani mutum, yana nan da ransa, kuma ya san kansa. Ba zan kama sunansa ba, don kada 'yan'uwansa su cika mini ƙofar gida. Mutumin nan ba ya iya ganin maƙiyin gidansu ya yi kuskure ya yi shiru. Sai ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Ai ba haka ake yi ba," ya nuna masa yadda ake yi daki-daki, don kawai a ce ya sani. Haushinsa ne ya sa na ɗauki biro. Ku yara ku karanta, shi kuma a kai masa ya ji da kunnensa.

A wata fadama da ke bayan dutse akwai garken zabin daji, sun kai arba'in. Mai yi musu kira wani Zabo ne mai kyan murya, wanda ya raɗa wa kansa suna Sarkin Murya ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Girman kai ne fal cikinsa. Maƙwabciyarsu wata tsohuwar Fakara ce mai ɗingishi, bakinta kamar barkono, harbin maharbi ne ya karya mata ƙafa tun tana budurwa. Sai kuma Baba Burtu, baƙin tsuntsu mai jan maƙogwaro, wanda kan wuni bai furta kalma biyar ba.

Zabin nan suna da kira guda da suka gada kaka da kakanni. Idan sun watse kiwo, aka tabbatar babu haɗari, sai Zabo ya hau suri ya rangaɗa shi: gajere biyu, dogo ɗaya, sannan a karya murya a ƙarshe. Duk wadda ta ji, ko a kan ƙwai take, za ta fito ta nufi wurin ba tare da waiwaye ba. Wanda ya iya kiran nan, garken duka yana hannunsa.

Ƙarshen bazara ya zo, ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fara tsiro, zabi mata suka shiga saka ƙwai. A daidai wannan lokaci ne Tunau maharbi ya shigo fadamar da sassafe.

Ya zo da shirinsa. Ya ɗaura kan burtu a goshi, busasshen kan tsuntsu da aka kafa a jikin lanƙwasasshen itace, ya lulluɓa da baƙin zane, yana rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsintar ƙwari. Bindigarsa adaka tana hannu, burgami yana rataye. A wuyansa kuma akwai mabusa, ƙashin fiffike da ya cusa cikin guntun gora ya liƙe da kakin zuma.

Ya laɓe a gindin wata kanya, ya sa mabusa a baki ya busa. Abin da ya fito, wallahi sai ka ce akuya mai mura.

Zabi suka fashe da dariya daga cikin ciyawa, ba wadda ta motsa. Da abin ya tsaya nan, da Tunau ya gaji ya koma gida hannu rabbana.

Amma ina! Sai Zabo ya yi tsalle ya ɗare suri, inda harbi ba zai kai ba, ya buɗe fiffike.

"Kai! Wane jaki ne wannan yake ɓata mana kira? Gajere uku? A gidan wa aka taɓa yin gajere uku? Biyu ne, dolo! Saurara ka ji!" Ya rangaɗa gajere biyu, tsaf.

Fakara ta fito da ɗingishinta, idonta jajir. "Sauko nan, marar hankali! Wa ya aike ka?"

"Gwaggo, zolayarsa nake yi."

"Zolaya? Karatu kake ba shi! Ka bar shi da muryar akuyarsa, ita ce ke raya ku!"

"Ke da kukanki kamar ana goga tsohon kwano a dutse, me kika sani a harkar murya?"

Zabi mata suka sake kwashewa da dariya. Fakara ta yi tsaki ta juya.

Shi kuwa Tunau yana nan a laɓe. Ya kasa kunne, ya gyaɗa kai, ya ja jiki ya tafi.

Washegari ya dawo. Ya ƙara kaki a bakin mabusar, ramin ya tsuke, sautin ya yi siriri. Ya busa gajere biyu daidai, sai dogon ya yanke masa a tsakiya.

Zabo ya sake ɗarewa suri. "Oho, yau an iya ƙirga! To dogon fa? Ka cinye shi ne? Ana jan numfashi tun daga ciki, ba daga kumatu ba. Haka ake yi!" Ya ja dogon har ciyawa ta amsa.

"Allah ya isa tsakaninmu da wannan baki naka!" in ji Fakara. "Baba Burtu, kana tsaye kana kallo? Ka faɗa masa ko mene ne a goshin mutumin can."

Burtu ya ɗaga kai a hankali, ya ƙifta dogayen gashin idonsa. "Kan yayana ne."



"Ka ji ko?" Fakara ta ce. "Mutumin da ya iya ɗaura kan yayan Baba a goshi ya yi tafiyar burtu har tsuntsaye su saki jiki, shi ne kake ganin ba zai iya koyon kira ba? Wannan ba ya gajiya, ba ya fushi. Zagin da kake masa ma ba ya ji, kiran kawai yake ɗauka."

"Yayan Baba ba shi da kunne irin nawa," in ji Zabo. "Allah ya jiƙansa, amma gaskiya ce."

Kun ji rashin kunya? A gaban ƙanin mamaci! Burtu ya juya ya ci gaba da kiwonsa.

A rana ta uku Tunau ya busa gajere biyu, ya ja dogo ɗaya har ƙarshe. Saura karya murya kawai. Ya gwada, abin ya fito a sandare.

Tun kafin Zabo ya motsa Fakara ta sha gabansa. Wannan karon ba ta yi faɗa ba.

"Ɗan nan, na roƙe ka. Abu ɗaya ya rage muku a duniya, shi ne wannan karyawar. Akwai ƙwai a sheƙa goma sha biyu. Ka haɗiye ta yau ɗaya. Ka bar shi ya tafi da kuskurensa."

"In bar shi ya tafi yana zaton ya iya? Ya je gari ya ce ya kamo Sarkin Murya? Matsa mini, Gwaggo. Ɗan'adam ba shi da maƙogwaron da zai karya murya, ko zan nuna masa sau ɗari."

Ya ture ta, ya hau suri. Bai yi sau ɗaya ba. Sau uku ya yi, na ukun ma a hankali, yana miƙa wuya yana juya shi hagu da dama don kowa ya ga gwaninta.

Tunau ya zuba wa wuyan nan ido. Ya dubi mabusarsa, ya ɗora ɗan yatsa a ƙarshen gorar, ya ɗaga, ya mayar. Bai busa ba. Ya yi murmushi a ƙarƙashin zanensa, ya tafi.

Kwana huɗu ba a gan shi ba.

Zabo ya cika fadama da fahariya. "Na kore shi! Kunya ta hana shi dawowa!"

"Yana gida yana bita," in ji Fakara. Ta daina ɓata yawunta a kansa, ta shiga bin zabi mata sheƙa-sheƙa. "Ku ji ni da kyau, 'ya'yan nan. Daga yau in kun ji kira, ku fara duban suri. In ba kowa a kai, kada wadda ta ɗaga ƙafa. Mai kiran gaskiya yana tsayawa a fili a gan shi, yana motsi, yana tsayawa ya tsinci abinci. Kiran da ke fitowa daga wuri ɗaya a cikin duhuwa, ba naku ba ne, komai daɗinsa."

Wasu suka ji, wasu suka ce tsufa ne ke damunta.

A rana ta biyar da ɓacewar Tunau, hantsi ya fara ɗagowa, Zabo yana can bakin ruwa yana gyaran gashi, sai kira ya tashi daga gindin kanya. Gajere biyu. Dogo ɗaya. Sannan murya ta karye, lafiya lau, kamar daga bakin kakansu.

Ciyawa ta fara motsi ta ko'ina. Zabi mata suna fitowa daga kan ƙwai.

Fakara ta kurma ihu da muryar nan tata ta tsohon kwano. "Ku dubi suri! Ku dubi suri, ba kowa a kai! Tunau ne!" Burtu ya buɗe manyan fikafikansa ya tare hanya, ya yi wani gurnani da ƙasa ta ɗauka. Zabi suka yi cirko-cirko, suka dubi suri, suka lafe.

Zabo kuwa gashin wuyansa ya miƙe don fushi. "Wa ke yin kirana a fadamata?"

"Ɗalibinka ne!" in ji Fakara. "Lafe ƙasa!"

"Ƙarya kike! Na ji karyawar nan da kunnena. Mutum ba zai iya ba. Wannan zabo ne daga wani garke, ya zo ƙwace mini suri. Yau zai san wa ya taɓa!"

"Kai ka koya masa, sau uku, a gabana!"

"Kunnena ba ya kuskure, Gwaggo!"

Ya sheƙa da gudu, wuya a miƙe. Da ya kusa kanya sai ya hangi baƙin kan tsuntsu yana sunkuyawa yana ɗagowa cikin ciyawa.

"Baba Burtu, ina ɗan iskan ya shiga?"

Kan bai amsa ba. Zabo ya dubi idon, ya ga ba ya ƙiftawa. A lokacin ne ya tuna cewa Baba Burtu yana can bayansa, ya baro shi yana tare hanya.

Adaka ta tashi. Hayaƙin albarushi ya turnuƙe gindin kanya.

Tunau ya yaye baƙin zanensa, ya kwance kan burtu, ya ɗaga Zabo ta ƙafafu yana jinjina nauyinsa.

"Sannu da ƙoƙari, malamina," ya ce. "Shekara bakwai ina neman kiran nan, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini sai kai." Ya cusa shi a burgami, ya shafa mabusarsa, ya dubi fadamar. "Sauran kuma sai gobe."

Duk garken sun ji wannan maganar.

Wata zabuwa ta fara kuka tana cewa ai sai a yi zaman makoki. Fakara ta daka mata tsawa. "Makokin wa? Ku tashi! Kiranku yana rataye a wuyan Tunau. Gobe zai busa, jibi zai busa, wata rana ba na kusa, ɗayarku za ta manta ta amsa. Yau za ku bar fadamar nan."

"Ƙwanmu fa, Gwaggo?"

Fakara ta nuna musu hanyar dutse. Ba ta yi musu ƙaryar cewa ƙwan zai tsira ba.

Kafin rana ta take, zabi suka haye dutse a jere, ba mai kira, ba mai amsawa. Suka bar ruwan da suka saba sha, suka bar surin kakanninsu, suka bar sheƙa goma sha biyu cike da ƙwai masu ɗumi. Baba Burtu ya raka su har kan dutsen. Da zai juyo ya ce, "Yayana da ya mutu, shi kaɗai ya tafi, bai ja wa kowa ba." 

Darasin wannan labari shi ne, ba kowane kuskure ake gyarawa ba. Idan mai neman ranka ya yi kuskure, kuskurensa katangar gidanka ce, ka bar ta a tsaye. Wanda son a yabe shi ya hana shi rufe baki, ba kansa kaɗai yake sayarwa ba, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, har da ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. Kuma kada ku ce mini wannan halin tsuntsu ne. Akwai mai hawa suri a ajinku, akwai shi a layinku, wataƙila ma shi ne yake riƙe da takardar nan yanzu yana neman inda na yi kuskure don ya gyara mini. In ƙarya na yi, tashi tsaye ka musa.