Zorihan da Zanen Abincin da Ba a Naɗe Ba

Can gabas mai nisa, a ƙasar Uigur, akwai wata hamada da duwatsu suka yi wa zobe, kawunansu fari fat da ƙanƙara shekara duka. Duk ruwan da mutanen ƙasar ke sha daga wannan ƙanƙarar yake gangarowa. Kogunan wurin kuwa ba su da alkawari. Kogi zai shekara ɗari yana shayar da gari, ran nan a wayi gari ya sauya hanya, ko sallama babu.

Haka aka yi wa mutanen wani gari mai suna Karasai tun kakannin kakanni ba su zo duniya ba. Inabi ya bushe a kan rumfuna, rijiyoyi suka koma gishiri. Gida talatin da suka rage suka yanke shawarar ƙetare yashi zuwa gindin duwatsun kudu, inda suke zaton kogin ya nufa. Suka naɗa maharbi Hoshur madugu, domin babu wanda ya kai shi sanin daji. Da gaggafa yake farauta, tana zaune a kan damtsensa ya saka mata hular fata a ido. In ya shigo gari da barewa a kafaɗa, sai ka ji ana cewa, "Hoshur dogo, na gaban ayari! Mai bin sawu a kan dutse, mai jin ƙanshin ruwa daga nesa!"

Mutum ɗaya ce wannan kirari bai taɓa burge ta ba, yayarsa Zorihan. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goya shi a bakin tanderu tana gasa gurasar sayarwa, saboda haka har ya yi gemu yaro ne a wurinta. Mijinta ya rasu, ba ta sake aure ba. Mace ce da ba ta iya baƙunta ba sam. In ta je gidan biki, kafin a ce mata sannu da zuwa ta naɗe hannun riga ta shige madafa tana gyara wa masu gida wuta.

Sai an san wata al'ada ta mutanen wancan zamani kafin a gane abin da ya same su. In baƙo ya sauka, ana zuba masa ruwa a hannu sau uku, sannan a shimfiɗa zane a ƙasa a jera abinci a kai. Sunan zanen dastarhan. Idan an ƙoshi, babba ya yi addu'a, sai macen gidan ta zo ta naɗe zanen, daga nan ne baƙo yake da ikon miƙewa. Wanda ya tashi zane na shimfiɗe ya ci mutuncin gida, kuma ya bar wa zuriyarsa abin gori. Ladabi abu ne mai kyau, ba na musu. Amma mutanen Karasai sun riƙe shi har ya fi ƙarfinsu.

Tafiyar kwana tara Hoshur ya yi musu alkawari. Suka ɗora kaya a kan raƙuma masu tozo biyu, kowa ya ɗaura gurasarsa a ɗamara, suka shiga yashi. Tudu bayan tudu, babu tsuntsu, babu ciyawa, sai ƙarar ƙararrawar raƙumin gaba. Duwatsun kudu na nan a gabansu kullum, ba su matso ba ko taki ɗaya. A kwana na goma sha ɗaya salka biyu ta rage wa mutum ɗari da ashirin. Jarirai suka daina kuka, kuma wannan shirun ya fi kukan tayar wa Hoshur hankali.

Ran nan da rana tsaka suka hau wani dogon tudu, sai ga gari a ƙasa. Katangun laka, ƙofofi masu sassaƙa, doguwar rumfar inabi kore shar. Raƙuma suka toge, aka yi dukan duniya suka ƙi gangarawa. Gaggafar Hoshur ta matse damtsensa har jini ya fito ta cikin fata. Shekara ashirin yana yawo a wannan daji, bai taɓa jin labarin gari a nan ba.

Wani tsoho ya fito daga ƙarƙashin rumfar, da doguwar riga irin wadda aka daina ɗinkawa tun da daɗewa. Ya ɗora hannun dama a ƙirji ya yi sallama. Hoshur ya lura sai leɓensa ya gama motsi sannan muryar ke isowa.

"Maraba da baƙi," in ji tsohon. "An shimfiɗa zane. Ku zo ku sha ruwa."

Hoshur ya san akwai abin da ba daidai ba, jikinsa duk ya gaya masa. Amma dattijo ne mai furfura ya yi masa tayi a gaban jama'a, ga kuma ƙishirwa a bayansa. Ya amsa sallama, ya ce, "Mun gode, Baba." Ya bar gaggafa a kan sirdi, ya wuce gaba, mutane suka bi shi. Wannan amsar ita ce ya yi ta nadama a kai har ƙarshen ransa.

Zanen ya miƙe daga wannan bakin rumfa zuwa wancan. Gurasa jibge, kankana a yanke, ruman, shayi na tururi. Can ƙarshen zanen, cikin inuwa, akwai wasu baƙi da suka riga su, zaune a jere, hannuwa bisa gwiwa. An yi musu sallama ba su amsa ba. Tsohon ya bi layi da buta yana zuba wa kowa ruwa sau uku. Ruwan na da sanyi, amma ba ya ƙara in ya zuba, kuma ƙasar da ya sauka a kai ba ta jiƙa.

Suka ci, suka sha. Hoshur ya sha kwano huɗu, maƙogwaronsa na nan a bushe kamar bai sha komai ba. Sai ya dubi kankanar da kyau. Ja wur, a yanke, cikin zafin rana, kuma babu ƙuda ko ɗaya a kanta.

Ya raɗa wa limaminsu, Sawut-Ahun, ya yi addu'a su tashi. Liman ya ɗaga hannu, aka shafa, tsohon ma ya ce amin. Sannan ya juya wajen ƙofar gida ya yi kira, "'Yata, baƙi sun ƙoshi, zo ki naɗe." Babu wanda ya fito.

"Ku ɗan yi haƙuri," in ji shi. "Ta tafi ɗibar ruwa. Yanzu za ta dawo."

Suka jira. Wa zai tashi? Kowa na duban na kusa da shi, kowa na jin nauyin ya zama na farko. Rana ta tsaya cak a tsakiyar sama, inuwar rumfa ba ta gusa ba. Liman ya sake addu'a, tsohon ya sake kira, aka sake jira.

Hoshur ya ce, "Baba, tun yaushe ta tafi?"

"Ba da jimawa ba. Tun da iskar nan ta taso."

Babu iska ko ta kaɗa gashin ido. Hoshur ya ƙura wa baƙin can na ƙarshen zane ido, idon da ke hango zomo daga tudu na uku. Fatarsu ta bushe ta manne da ƙashi. Gemunsu na nan, hulunansu na nan, yashi ya kai wa wasu ƙirji, wasu wuya. Ya dubi ƙafafunsa, ya ga yashi ya rufe masa gwiwa bai ji zuwansa ba. Yanzu kam ya manta da ladabi, ya yunƙura zai miƙe, ƙafafun suka ƙi. Ya damƙi bakin zanen ya fizga da ƙarfin da yake kayar da raƙumi, zanen ko motsi bai yi ba.

Tsohon ya dube shi da tausayi, ba da fushi ba. "Ɗana, kai baƙo ne. Ba hannunka ne zai naɗe ba."

"To kai ka naɗe mana, don Allah!"

"In naɗe da hannuna, a ce na kori baƙina? Ku ƙara kankana."

Nan Hoshur ya gane. Guguwar yashi ce ta binne garin nan ana tsakiyar cin abinci, yarinyar da ta tafi ɗibar ruwa ba ta dawo ba, uban kuma bai san ya mutu ba. Yana nan yana karɓar baƙi, yana jiran ta. Tsoro ya kama Hoshur irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunya a kai, domin shi ya jawo mutum ɗari da ashirin ya zaunar da su a nan.

Sai ya ji takun ƙafa a bayansa. Zorihan ce. Tun da aka sauka ba ta zauna ba. Ta karɓi tulun shayi tana bin layi, tana gutsura wa tsofaffi gurasa, tana gyara wa masu jego zama, ko loma ba ta kai baki ba. Ita kaɗai yashi bai kama ba.

Ta tsaya gaban tsohon ta ce, "Baba, in 'yar gida ta naɗe, baƙi za su tafi?"

"Za su tafi, har da guzuri."

"Guzurin me? Mu ruwa muke so, na gaske."

"Yana nan. Ai a kan murfin tsohuwar rijiya muka shimfiɗa. Mun rufe ta ne saboda yashi."

Zorihan ta dubi layin mutanenta. Sannan ta kwance ɗamarar tafiya ta ajiye a gefen ƙanenta, ta tuɓe takalmanta. Hoshur ya gane abin da za ta yi, ya kama bakin rigarta.

"Yaya, kada ki shiga. Ki tafi ke kaɗai, raƙuma na kan tudu. Ni na amsa masa, ni ya kamata..."

"Rufe min baki," in ji ta. "Kai ka taɓa naɗe ko tsumma a rayuwarka? Sake ni."

Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi masa yana ƙarami in ya riƙe ta za ta kasuwa. Ta ɗauki butar tsohon, ta shige ƙofar gidan, duhu ya haɗiye ta. Jim kaɗan ta fito daga ciki, ta ajiye butar a bakin ƙofa.

"Na dawo, Baba."

Fuskar tsohon ta saki. A karon farko muryarsa ta fito tare da motsin leɓensa. "Kin daɗe, 'yata."

"Hanya ce da nisa."

Ta durƙusa ta kama kusurwar zanen, ya taso mata sakayau. Ninkin farko, baƙin can na inuwa suka sunkuya gaba ɗaya kamar masu godiya, suka zube suka zama yashi. Ninki na biyu, ganyen inabi ya kakkaɓe. Tana ninkawa tana matsowa, katangu na narkewa a bayanta, duk wanda ta wuce sai ƙafarsa ta saku. Da ta zo kan Hoshur ba ta ɗaga kai ba.

"Ka fara ba masu jego ruwa," ta ce. "Kuma ka riƙa cin abinci da zafinsa."

Ta rungumi zanen a ƙirji, tsohon na gaba tana biye, suka shiga gida. Hoshur ya zabura da gudu, amma ƙafafun da suka daɗe a binne suka kayar da shi. Kafin ya ɗago babu ƙofa, babu gida, babu gari. Sai tudun yashi da wasu busassun ginshiƙai, rana kuma ta karkata yamma. A inda zanen ya kwanta akwai faffaɗan dutse. Maza takwas suka ture shi, sanyin ruwa ya bugi fuskokinsu. Hoshur ya fara ba masu jego.

Mutanen Karasai ba su ƙarasa duwatsun kudu ba. A nan suka kafa gari, suka sa masa suna Zorihan-Bulak, wato idon ruwan Zorihan. Hoshur ya yi kwana arba'in yana tona tudun nan yana neman ƙofar, bai samu ko guntun katakonta ba. Ya rayu ya tsufa, ya ga jikoki, aka ci gaba da yi masa kirari yana hana masu yi.

Matafiyin da ya sauka a garin yau zai ga wani abu da zai iya ɓata masa rai in bai san dalili ba. Ana shimfiɗa masa dastarhan, kafin ya kai loma baki, macen gidan za ta sunkuya ta ninke kusurwa ɗaya, ta ce, "An fara naɗewa. Duk lokacin da ka so, ka tashi." Ba korarsa ake yi ba. Hoshur ne ya kafa wannan doka, kuma babu gidan da ya taɓa karya ta.

Shi kansa dai dokar ba ta amfane shi ba. Tsofaffin garin sun ce tun daga ranar nan har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake zama a bakin zanen abinci ba, ko a gidansa. A tsaye yake ci, kusa da ƙofa, yana sauraren ko wani na tahowa.