Tokar da ke Ƙarƙashin Fiffiken Zakara

Dalilin da ya sa zakara ba ya cara sai ya fara kaɗa fukafukai, yara, ba motsa jini ba ne. Wata tsohuwar kunya ce yake kakkaɓewa. Ku gyara zama ku ji.

A da can, zakara tsayawa yake ƙyam kamar soja ya yi cararsa. A gidan wata tsohuwa akwai wani jan zakara, Sambo, da matarsa Tabawa, kaza mai 'yan tsaki. Kullum da hantsi Sambo sai ya haye turmi ya buɗe ƙirji.

"Ni ne katangar gidan nan. Shirwa ma ta san ni, shi ya sa take kewayawa ta bayan gari. Ranar da ta kuskura ta sauko, da gashinta zan yi wa yara matashi."

Tabawa na tonon ƙasa ta ce, "Allah ya ƙara lafiya, maigida. Sauko ka ci tsaki."

Ran nan yana tsakiyar cika baki, sai wata inuwa ta gifta tsakar gida. Sambo ya ɗaga ido ɗaya, ya ga shirwa ta naɗe fukafukai tana sulalowa. Bai san lokacin da ƙafafunsa suka yanke masa shawara ba, sai jin kansa ya yi tsundum a cikin tukunyar da tsohuwa ke tara toka don tace ruwan miya.

Ta wata 'yar huda a gefen tukunyar yake leƙe. Ya ga Tabawa ta tattara 'ya'yanta ƙarƙashinta, amma autan ya yi nisa, yana can gindin rumbu. Shirwa ta nufe shi. Tabawa ta zabura, ta baje fukafukai, ta tare ta da ƙirji. Shirwa ta yakushe ta a wuya, ita kuwa sai sara take, idonta a rufe don tsoro. Da shirwa ta ga abin ba riba, ta yi sama hannu wofi.

Sambo ya jira ƙura ta lafa, ya silalo ta bayan tukunya, ya goge baki da ƙirji da jela tsaf a jikin zana. Sannan ya taho yana haki. Ya tarar da Akuya da Agwagwa da Zabo sun kewaye Tabawa suna mata sannu.

"Ku ba ni ruwa," in ji shi. "Har saman tsamiya na bi ta. Ba don ta roƙe ni ba, da yau an yi jana'iza."

Akuya, wadda ta ga jiya ta ga yau, ta ci gaba da tuƙa. Can ta ce, "Sannu, namijin duniya. Mu da muke ƙasa ba mu gani ba. Gwada mana yadda ka tashi."

Sambo ya haye turmi, ya ja numfashi, ya buɗe fukafukan nan ya buga da ƙarfi.

Toka ta tashi buɗuɗu. Ashe ya goge ko'ina, ya manta da hammata. Agwagwa ta kama atishawa, Zabo ya faɗi yana birgima don dariya.

Akuya ta ce, "Ikon Allah. Ashe yanzu a saman tsamiya ake girki."

Sambo ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa. Tabawa ta tako tana ɗingishi, ta soma cire masa toka daga wuya da bakinta.

A hankali ya ce, "Ke ba ki ji tsoro ba?"

"Dubi ƙafafuna, maigida, har yanzu rawa suke. Tukunyar nan ni ma na gan ta, raina ya so ta ƙwarai. Na duba ne na ga ba za ta ɗauke ni da yaran nan ba."

Sambo ya shiga tonon ƙasa. A gaban kowa ya tono tsutsa mai ƙiba ya ajiye mata.

Shi ya sa har yanzu, in zakara zai yi cara, sai ya fara buga fukafukai ya leƙa ko toka za ta tashi. In kuma ya tsinci abin daɗi, kaza yake kira ta fara ci. Ya san wa ya tare shirwa.