Sauran Maganar Mai Fito

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan teku mai launin shuni, an yi wani sarki Bayunane mai suna Filokalu, wanda kakanninsa suka zo cikin jiragen ruwa suka ci ƙasar bakin kogi da yaƙi, suka gina birni na farin dutse, suka ɗora wa mutanen ƙasar shari'a da harshen da ba nasu ba. 'Ya'yansa biyu ne, Yarima Diyokal da Gimbiya Iranta.

A zauren shari'arsa akwai wani tulun tagulla mai 'yar huda a gindi, wanda aljani Zarnuk ke zaune cikinsa tun kafuwar birnin. Akan cika shi da ruwa, mutum ya yi ta kare kansa muddin ruwan na ɗiga, da zarar ya ƙare kuwa sai alƙalai su jefa tsakuwa, fara ta kuɓuta, baƙa ta halaka. Tulu ɗaya ake ba kowa. Amma ɗan ƙasa ba ya jin Yunananci, sai tafinta ya juya maganarsa, ruwan kuwa ba ya jiran tafinta.

Tafintan zauren wani ɗan ƙasa ne mai suna Panefar, mutum mai nutsuwa, wanda alƙalai suka yarda da harshensa. Wata safiya aka tsinci gawar babban dogarin kasuwa a mashigin kogi, aka kamo tsohon mai fito na wurin, wato Horsa, mahaifin Panefar. Tsoho ya yi magana a hankali irin ta tsofaffi, ɗansa na juyawa, idonsa na kan ruwan. Tsohon ya kai daidai inda ya ce, "Na ga wanda ya sare shi, shi ne..." sai ɗigon ƙarshe ya faɗi. Aka rufe masa baki, baƙaƙen tsakuwoyi suka cika kwano, aka umurci Panefar ya faɗa wa wanda ake tuhuma hukuncinsa.

Ya ce, "Baba, sun ce za ka sha ƙoƙon guba."

Tsoho ya ce, "Na ji, ɗana. Ka faɗa daidai, ba ka rage ba."

Ranar da aka binne shi aljani ya bar tulun. Ko an cika shi ba ya ɗiga, doka kuwa ta hana a yanke hukunci ba da shi ba. Shekara uku zauren na rufe, mai ƙarfi ya ƙwace gonar marar ƙarfi, aka riƙa kashe mutane a tsakiyar kasuwa rana tsaka, sarki ya rame har zobensa na faɗuwa daga yatsa. Panefar ya faɗi gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni tulun in nemo mai shi." Aka ba shi.

Kwana arba'in yana bin kogi zuwa mafarinsa. A cikin wani dajin ƙaya, wani boka da wani babba a fada ya aiko ya tare shi cikin siffar mahaifinsa, da sandarsa ta fito da komai, yana roƙonsa ya koma gida. Har Panefar ya miƙa hannu zai rungume shi, sai ya lura cewa da Yunananci ake roƙonsa, harshen da tsohon ya mutu bai san ko gaisuwarsa ba. Ya runtse ido ya ratsa ta cikin siffar, ta watse kamar hayaƙi.

A ƙarƙashin wani dutse mai tsayi, inda kogin ke ɓuɓɓugowa, ya tarar da Zarnuk zaune, gemunsa na zubar da ruwa. Aljani ya ce, "Ya kai ɗan Horsa, maganar da ta maƙale a bakin mahaifinka tana wurina, nauyinta ne ya kore ni. Zan zuba maka ita cikin tulun nan. In ka riƙe, kullum ka kara kunne za ka ji muryarsa har ƙarshen ranka, birnin ya ci gaba da lalacewa. In ka tsiyaye ta gaban alƙalai zan koma, amma muryar ta tafi ke nan har abada."

Aljani ya zuba ta cikin tulun, ya toshe hudar. Panefar ya kara kunne, ya ji tarin tsohon nan da ya sani tun yana goye. Ya yi kuka har ya gaji. Kwana arba'in na komowa yana saurare, sau uku yana juya baya, sau uku yana tuna gawawwakin kasuwa.

Aka buɗe zaure, sarki ya zauna, Yarima a damansa, Gimbiya a hagunsa. Panefar ya cire toshiyar hudar, ruwa ya ɗiga, muryar Horsa ta cika zauren da harshen ƙasa, ɗansa na juyawa hawaye na bin gemunsa: "Shi ne Yarima Diyokal. Dogarin ya hana shi ƙwace dokin wani baƙo. Ni na tsamo gawar don kada kada ya ci ta." Daga nan murya ta ɗauke.

Yarima bai musa ba, ya kuma amsa cewa shi ya aiki bokan. Alƙalai suka riƙe tsakuwoyinsu suna duban ƙasa. Sarki ya miƙe, ya ce, "Ya ku alƙalai, dokar da ta shayar da mai fito ba za ta tsallake ɗana ba." Ya ɗauki baƙar tsakuwa da hannunsa, shi ya fara jefawa. Kafin rana ta faɗi Yarima ya sha ƙoƙonsa. Sarki ya yi shela cewa daga ranar ɗan ƙasa tulu biyu zai samu, ɗaya nasa ɗaya na tafinta, kuma alƙalai daga mutanen ƙasa su zauna tare da Yunanawa. Hanyoyi suka sami lafiya, gonaki suka koma hannun masu su.

Bayan shekara guda Gimbiya Iranta ta aika a kira Panefar, ta ce masa, "Bakinka ne ya ambaci ɗan'uwana, gidanmu ne ya kashe mahaifinka. Na duba birnin nan kaf, ban ga wanda ya san abin da ke zuciyata ba sai kai. In ka yarda, ni na yarda."

Aka ɗaura musu aure ba kiɗa ba bushe-bushe, amarya sanye da baƙin mayafi, ango ma cikin baƙaƙen kaya. Tsohon sarki ya haɗa hannuwansu, ya buɗe baki zai sa albarka, kuka ya ci ƙarfinsa, sai jama'ar zauren, Yunanawa da 'yan ƙasa, suka ƙarasa masa kowa da harshensa.